Ƙofar zauren maigidana ba ta kallon cikin gida

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙan shi. Magini ne, nan Wurno. Da laka ya fara, da siminti ya shigo bai tsaya gardama ba, ya koye shi. Har Rabah da Goronyo ana zuwa ɗaukar shi aiki. Sai bayan ba shi na shiga ajin manya, don haka wanga rubutu da hannuna na yi shi.

Bara wasu injiniyoyi sunka zo gidanmu. Wai za a gina gidan ajiye kayan tarihi, kuma suna son zauren shiga ya zama irin wanda ya gina mana, a sa sunanshi a bango. Sunka zagaya da wata na'ura mai haske, ta kwashe siffar zauren ta zuba cikin kwamfuta. Kwamfuta ke fidda awo, a yanka katako a zuba kankare, sannan tsofaffin magina su bi da yaɓe da zanen hannu. Ban ƙi ba. Shi ma ba zai ƙi ba, mutum ne mai son sabon abu.

Da anka fara kafa katako, shugabarsu, Injiniya Rahila, 'yar Zuru, ta aiko mota in je in gani. Ina tsayawa bakin ƙofa na hango har ƙarshen fili. Ƙofar waje da ta ciki sun kalli juna, sak. Na tambaye ta mi ya faru. Ta ce sun ga ta ciki ta goce gefe, sun ɗauka kuskuren awo ne, sai sunka daidaita.

Na ce, "Ɗiyata, mutumin da ya shekara arba'in da igiyar awo bai san tsakiya ba? Da gangan ya kauda ta, don baƙo na zaure kada ya ga matan gida suna daka."

Ta ce ai Inna, nan ba mata, tukwane ne da takubba. Na ce to su rubuta sunan kwamfutarsu a bango. Maginin da ya buɗe cikin gida ga mai wucewa, ko kaza ba a ba shi ya yi wa akurki. Shi ba ya da bakin da zai kare kanshi yau, ni ina da shi.

Wani cikinsu ya ce an riga an ɗaure rodi. Na jawo bulo na zauna tsakiyar ƙofar. Tsofaffin maginan nan, da sun gani tun farko sunka yi shiru don kada a ce ba su waye ba, sai ga su suna gyaɗa kai.

Rahila ta duba zanen a allon kwamfutarta. Sannan ta durƙusa ta tambaye ni taku nawa za a matsa.

Na tashi na taka mata uku, zuwa hagu. Nan ƙofar take yau, sunanshi na samanta, kuma ni na karanta shi da kaina.