Baki Biyu

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata Talata cikin watan Rajab ba, shekarata ta uku ina aski a unguwar Ƙuba ta Madina. Ku sababbin masu aski, ku ji laifina.

Ƙa'idar shagonmu ita ce kafin inji ya taɓa fuska, sai ka ɗora yatsa a wurin, mai aski ya gani a madubi ya yarda. Mu'allim Idrisu, Bahaushen Sudan mai shagon, kullum sai ya maimaita mana.

Bayan la'asar wani dattijo Bature ya shigo, mutumin ƙasar Folan, ya zo umara. Ɗansa, mai jin Larabci, ya zaunar da shi ya tafi sayen dabino. Gashin bakin dattijon fari ne, ya rufe leɓe har ya lanƙwaso. A raina na ce wannan ya saɓa wa sunna.

Na ce, "Ya Hajji, me za a taɓa?"

Ya ce, "Baki." Ya kwanta ya lumshe ido.

Daɗi ya kama ni, Bature da Hausa! Ban ɗora yatsa ba. Na kunna inji na share rabin gashin bakin.

Ya zabura ya dubi madubi. Bai yi ihu ba, sai ya shafa gefen da na share. Mu'allim ya ce, "Innalillahi! Ya Sale, wa ya aike ka?"

"Wallahi shi ya ce baki!"

Sai ga ɗan. Ya tsaya a ƙofa, ledar dabino a hannu. Da ya samu bakin magana ya ce a yarensu "baki" saje ne. Gashin baki kuwa "wonsi" suke cewa, kusan haka ma yake a Kashubanci, yaren ƙauyen uban. Sannan ya ce mahaifiyarsa makauniya ce. In an fito daga Harami cikin cunkoso, ba ta yarda kowa ya riƙe hannunta sai ta shafa wannan gashin.

Rabin gashin baki ba ya zama, dole ni ɗin dai na ƙarasa sauran, ina hawaye. Dattijon ya tsince gashin daga mayafin aski, ya ƙulle a hankicinsa. Ya kama yatsana ya ɗora a sajensa: "Baki." Ya mayar kan leɓensa: "Wonsi." Ya fita.

Ranar na ce wa Mu'allim rashin jin yare ne. Ƙarya na yi. Tun shigowar mutumin nake son cire gashin, kalmar ta zo ta ba ni izini.

Ban san yadda matar ta gane mijinta a daren nan ba, kuma har yau ina neman gafara. Kunnen wanzami abin da ransa ke so yake ji. Ko Bakano ne ya ce muku baki, ku ɗora yatsa tukuna.