Ƙanzon da Iya Ta Bar Mini

Makon jiya jikana Nura ya zaunar da ni gaban talabijin ɗinsu mai faɗin tabarma, wai sai na ga fim ɗin da duniya ke ta magana a kai. Jiragen sama jannati ne ke ɓarin wuta a tsakanin taurari, ƙara kamar za ta fasa mini kunne. Aka tarwatsa wata duniya sukutum da mutanenta, babu wanda ya zubar da hawaye ko ɗigo. Da aka gama na ce, "To shi wannan mai rigar ƙarfen, wace ce uwarsa? Wa ke jiran dawowarsa?"

Nura ya tuntsire da dariya. "Haba Hajiya, wa ke ta uwarsa? Ba ki ga yadda wutar ta tashi ba?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba kuma da yaron kaɗai ba. Na taɓa jin wannan maganar, kusan kalma da kalma, daga bakin yayana Sule, a Gazara, 'yan shekaru bayan tafiyar Turawa.

Gidanmu gidan rake ne. Idan lokacin matsa ya yi, doki kan yini yana zagaya injin a bayan gida, Baba da ƙannensa suna dafa ruwan raken a manyan kasake har ya zama mazarƙwaila. Bayan sallar isha'i maza su watse, a bar garwashi yana ja, sai kakarmu Iya ta jawo kujerarta 'yar tsugunne, mu kuma mu kewaye ta muna lasar abin da ya maƙale a bakin kasko. Takan ce, "Ga wata nan tafe, ƙafarta duk raɓa." Mu amsa, "Ta shigo ta ji ɗumi." Iya na da doka ɗaya da ba ta sassautawa: wanda ya tashi ana tsakiyar tatsuniya, ba za a ba shi ƙarshenta ba sai ya dawo ya zauna daga farko.

A daren da nake nufi ta ɗauko wata da ba mu taɓa ji ba. Wata mata ce mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Ɗantani, yaron da ba ya cin tuwo sai ƙanzo. Ran nan guguwa ta taso ta sure shi daga gona ta kai shi garin sama. Sule ya katse ta, "Iya, yaya garin yake? Da zinariya aka gina shi?"

"Gari ne, maigidan," in ji ta, don haka take tsokanarsa. "Da zinariya, da azurfa, duk abin da kake so zuba. Ni dai bari in koma wurin uwar, ita ce ba ta ci abinci ba."

Ta ce kullum uwar sai ta tuƙa tuwo, ta bar ƙanzon a tukunya ba ta jiƙa ba, ta bar ƙofa a buɗe. Kuka ya cinye mata idanu har ta makance. Samari suka riƙa zuwa, kowa na cewa shi ne Ɗantani, don su gaje gonar.

Daidai nan muka ji lasifika daga bakin kasuwa. Motar majigi mai haska fim a jikin farin ƙyalle ta iso, ana shelar za a nuna kumbon da ya tashi zuwa sama. Kafin Iya ta rufe baki yara sun watse, har wani ya yi fatali da butarta. Ni kaɗai na rage, ba don na fi su hankali ba. Kurkunu ne ya kumbura mini ƙafa, ko tsayuwa ba na iyawa, kuka ma nake yi don an tafi an bar ni.

Iya ta daɗe tana kallon inda suka bi. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Sai ta gyara garwashi ta ce, "Share hawayenki, Asabe. Ke za ki riƙe tatsuniyar nan."

Ta ce duk wanda ya zo da'awar shi ne ɗan, uwar sai ta ajiye masa malmalar tuwo, ya cinye ya yi godiya, ta ce ya sauka lafiya. A can sama kuwa Ɗantani ya samu duk abin da ido ke so har ya manta da gida, sai wata rana hayaƙin murhun uwarsa ya kai masa ƙaurin tuwon da ya kama. Ya roƙi sarkin garin ya sake shi. Sarki ya ce sai dai ya bar duk abin da ya gani a nan, ya sauka ba shi da labarin komai. Ya yarda. Ya iso da furfura, muryarsa ta canza, uwar ta ajiye masa tuwo kamar kowa. Bai taɓa ba. Ya wuce gindin murhu ya jawo tukunya ya fara kankara. Iya ta ɗauki ɗan itace ta kankari gefen kasko, ƙar, ƙar, ƙar, ta ce, "Da makauniyar ta ji wannan ƙarar, sai ta ce: ka daɗe." Har yau idan na ji ana kankare tukunya sai in tsaya in saurara.

Sule ya dawo yana haki, yana ba ni labarin wutar da ta fito daga gindin kumbo. Na ce wa ke ciki? Ya ce, "Wa ke ta na ciki? Ba ki ga wutar ba ne!" Daga ranar yara suka koma harba karan dawa sama da dare, aka bar Iya da garwashi da ni. Kafin a sake matsar rake Allah Ya yi mata rasuwa. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: tsohuwar da ba ta da komai sai murya da ɗan itace, aka guje ta saboda haske a jikin farin ƙyalle.

Shekara da shekaru Sule yana bi na. "Ke dai faɗa mini, yaron ya dawo?" In ce ya zauna daga farko. Ya ce shi ya wuce zaman tatsuniya. Na taɓa tambayarsa me kuma aka nuna a majigin nan bayan kumbo, ya yi ta sosa ƙeya, ko ɗaya bai tuna ba. Amma yaron da aka bar shi a sama bai taɓa fita ransa ba.

Ni ban ƙi haske ba, kuma ban raina masu iya ƙera taurari a allo ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne su gina gari guda a sama, su kasa sa mutum ɗaya a ciki da zan damu ko ya ci ko bai ci ba. Sun ɗauki abin da Iya ta ce kowa ya zuba da kansa, sun bar abin da ita kaɗai ta iya.

Bara yanar ido ta rufe wa Sule gani gaba ɗaya. Ya aiko aka ɗauko ni zuwa Gazara. Na same shi a zaure, jikokinsa sun kunna masa wani fim a waya suna ta ihu, shi kuwa ya juya fuska ga bango. Da ya ji sallamata ya ce su kashe. Ya laluba ya kama hannuna.

"Asabe, yau ba inda za ni," ya ce. "Fara daga farko."

Na aika aka ɗauko mini tukunya da cokali.