Takalman Mahaifinsa

Mai gyaran takalma yana zaune a bakin ƙofar jami'a, sai ga wani saurayi dogo, siriri, ya tsuguna gabansa. Rigarsa ta sha guga, amma wuyanta ya koɗe. Ya fito da takalma iri biyu daga leda: na ƙwallo da suka sha ɗinki, da wasu baƙaƙe irin na tsofaffin ma'aikata.

"Baba, a rage mini waɗannan. Na marigayi mahaifina ne. Wata mai zuwa zan gama, da su zan shiga neman aiki."

"Allah ya jiƙansa. Na ƙwallon fa, ɗana?"

Saurayin yana kankare busasshiyar lakar jikinsu da farce. "Ka ba wanda suka yi wa daidai. Ƙanne huɗu ke jirana a gida."

Tsohon ya sha ganin irinsa suna dawowa bayan shekaru, takardu a hammata, dunduniyar takalmi ta cinye. Ragewa ba za ta yiwu ba, sai ya cusa soso a ciki. Saurayin ya saka, ya yi godiya, ya miƙe. Yana tafiya a hankali, ƙafarsa tana zamewa a ciki.