Ruwan da Baba Ya Shayar da Ƙarfe

Gidanmu gidan maƙera ne, a wani ƙauye kusa da Sabon Gida. Babana shi ke ƙera wa garin hauya da lauje da gatari, kuma duk abin da ya fito daga wutarsa sai ya tsoma shi a kwamin ruwa, ya yi cuu, hayaƙi ya tashi, sannan ya miƙa wa mai shi. A wurinsa ƙarfen da bai sha ruwa ba ɗanye ne. Ga gatari kuwa gaskiyarsa ce, ban taɓa musa masa ba.

Ni walda na koya a Madawa, shekara tara ina ƙona idanuna a garajin wani. Da na ga Baba ya fara gajiya da ɗaga masaɓa, sai na haɗa ɗan injin wuta da na'urar walda na dawo gida, na kafa rumfa jikin maƙerarsa. Nufina in zauna kusa da shi, in ci abincina a garinmu. Masu lambun albasa sun cika fadama da injinan ban ruwa, kuma ko ƙusa ta karye sai an ɗauki inji a amalanke an kai Madawa. Na ce aiki ba zai yanke mini ba. Wata biyu ina zaune, ba wanda ya kawo mini abin da ya wuce ƙafar kujera. Mutanenmu ba sa yarda da hannun wanda suka sani yana yawo ba wando.

Sai ga wani dattijo maƙwabcinmu, mai lambu mafi girma a fadama, da tsohon injinsa. Kan famfon ya tsage, ruwa na tsartuwa ta gefe, albasarsa kuma ta fara ɗaura kai, ba ta jure kwana uku babu ruwa. Ya ce, "Ɗana, kana iyawa, ko in tahi Madawa?" Na ce ya dawo gobe da hantsi. Na san in wannan ya riƙe, duk fadama tawa ce.

Kan famfon ƙarfen zubi ne, wanda muke kira font, kuma font ba ya son gaggawa. Na huda ɗan rami a kowane bakin tsagar don kada ta ci gaba da gudu. Na goge ta ta yi kwari. Na roƙi Baba gawayi na gasa ƙarfen gaba ɗaya, don in wuri ɗaya ya yi zafi sauran na sanyi, nan take yake darewa. Na riƙa ɗinki da walda kaɗan-kaɗan, tsawon gaɓar yatsa, in tsaya in bubbuga da ƙaramar guduma, in sake. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba, har yau. Da na gama na haƙa rami, na zuba toka mai zafi da rairayi, na binne shi. Haka ake yi, ya huce a hankali har gobe, kada ko iska ta taɓa shi.

Baba na zaune a kan buzunsa yana kallona tun farko. An kira la'asar, na tafi masallaci. Shi a gida yake salla saboda gwiwa.

Da na dawo na iske ramin a tone. Kan famfon yana cikin kwami, ruwan na ɗan tururi. Baba ya ajiye awartaki yana goge hannu, fuskarsa a sake kamar wanda ya fid da jaki daga rijiya.

Ya ce, "Na ga ka bizne aikin mutane cikin toka kamar dankali. Na shayar ma da shi."

Na tsamo shi. Ɗinkina yana nan daram, amma gefensa wata sabuwar tsaga ta ratsa har bakin ƙusa, ta ma fi ta farko tsawo. Na ce, "Baba, wanga ƙarhe ba a sa mishi ruwa." Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce shekara hamsin yana tsoma ƙarfe a ruwa bai taɓa fashe masa ba, in wannan ya fashe to tun cikin toka ya lalace. Daga nan ya juya ya kama zuga-zuginsa. Zance ya ƙare, don a gidanmu ba a maimaita wa uba magana.

Da hantsi dattijon ya zo da amalankensa da ƙannensa biyu. Ya juya ƙarfen, ya bi tsagar da farce, ya ce, "Mi ya hwaru?" Na waiwayi Baba. Yana fiƙe lauje, bai ɗago ba. In na faɗi gaskiya, na tsiraita sarkin maƙeran gari a gaban mutanen da ya ƙera wa iyayensu hauya. Na ce aikin ne bai karɓa ba. Dattijon bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa ya yi, "Ba komi, ɗana, koyo ne." Ina da shekara talatin da 'ya'ya biyu.

A Madawa aka ce kan ya wuce gyara, sai an nemo wani. Kafin a samo, mako ya shige. Na bi ta fadama na ga albasar ta kwanta, ganyen ya yi fari. Rabin lambun bai tashi ba. Daga ranar ko ƙafar kujerar ma aka daina kawo mini. In na wuce majalisa sai wani ya ce, "Ga mai gasa dankali nan." Baba ne ya ba su labarin tokar da bakinsa, yana dariya, ba da mugunta ba. Wannan rashin muguntar shi ya fi ci mini rai, don bai bar mini ko wanda zan yi fushi da shi a fili ba.

Kafin damina na kwashe kayana na koma Keita. Can nake har yanzu, ina walda ƙofofi da gatarin ƙafafun amalanke, kuma masu injinan garin Buza ma suna kawo mini font, don an san nawa ba ya darewa. A rumfata babu kwami. Ko butar alwala nesa nake ajiye ta.

Shekara shida bayan haka aka aiko Baba ba lafiya. Na same shi a zaure da rana, ya rame, hannuwan nan da suka lanƙwasa ƙarfe sun koma kamar kara. Ya sa aka ɗauko masaɓarsa ya ba ni. Ya riƙe wuyan hannuna ya ce, "Kak ka riƙa damuwa da zancen injin nan. Kowa na kuskure. Ni ma na yi iyakar ƙoƙarina in cece ma shi, Allah bai nuhwa ba. Na yahe maka kunyar da ka ba ni."

Na ce, "Na gode, Baba."

Kwana huɗu bayan nan ya rasu. Masaɓar tana rataye a rumfata, ban taɓa bugun komai da ita ba.