An Hutar da Baba Mai Takalmi

Shekara arba'in da huɗu Baba Mai Takalmi ya yi a kan benci ɗaya a bakin tasha. In ya ja zare ya ƙulle, sai dai takalmin ya mutu ya bar ɗinkin. Shi ya sa ranar da wani direba ya dawo da takalmi, ɗinki ya warware cikin mako guda, gaban Inna, matar Baba, ya faɗi.

Ita ta san mijinta. Ta ga basilla tana zame masa, ta ga rigunansa sun yi masa yawa, tafiyar minti biyar kuma sai ya tsaya sau biyu yana haki. Ta tara 'ya'yan ta faɗa musu. Babbansu, wanda tun yana ƙarami ake ce masa Manaja saboda son ba da umarni, ya ce, "Inna, tsufa ne. Hutu kawai yake so."

Tsufa, tsufa, komai a jibga wa tsufa, tunda ba ya da bakin musu. Suka kwashe masa kayan aiki, suka sayo kujera mai laushi suka dasa shi gaban talabijin. Cikin wata uku ƙafafun da ke kai shi tasha suka kasa kai shi ƙofar gida. Wai wannan ne gata.

Da ƙyar Inna ta sa aka kai shi asibiti. Manaja ya shiga da shi, ita aka bari a waje, wai ɗakin ba ya cin mutum huɗu, amma tana jin komai ta ƙofa.

Likita ya ce, "Baba, kana jin nauyi a ƙirji?"

Kafin tsohon ya buɗe baki Manaja ya cafe. "A'a likita, kasala ce. A ba shi maganin ƙarin kuzari."

Baba kuwa mutum ne mai kawaici, ba zai ƙaryata ɗansa a gaban baƙo ba. Takaici kamar ya kashe Inna, don ita ya sha gaya wa ƙirjinsa kamar an ɗora masa buhu.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, kofin shayi ya kuɓuce masa, zufa ta jiƙa shi sharkaf. Wata likita ta ce ciwon zuciya ne, kuma ba yau ya fara ba. Ta ce ramar nan da raunin hannu su ya kamata su sa a bincika tun da wuri. Bai kai la'asar ba.

Wajen zaman makoki wata maƙwabciya ta ce, "Ai ya ga gata. 'Ya'yansa ko tsinke ba su bar shi ya ɗaga ba."

Manaja yana daga bakin ƙofa yana gyaɗa kai. Inna ta dube shi ido cikin ido.

"Ƙwarai kuwa," ta ce. "Har magana ma sun hutar da shi."