Ranar da Shanu Suka Cinye Ajinmu

Jiya na ga amalanke tana sauke kara a ƙofar kwalejin Gangara, sai marigayi Baba ya faɗo mini a rai. Shi ne shugaban iyayen yara a zamaninmu. Kowace kaka shi ke tara mutane a ɗaura mana azuzuwan kara, yana tauna goro yana faɗa da duk wanda ɗaurinsa ya yi sako-sako.

Wata safiya muka tarar shanu sun cinye bangon ajinmu, sai dirkoki tsirara. Ƴan lakol, wato ɗalibai, suka kwashi duwatsu, suka tare makiyayin shanun a bakin rijiya. Kafin malamai su iso an fasa masa leɓe, shi kuma ya zare adda.

Baba ya kutsa tsakani, ya rungume makiyayin har da addarsa. Dutse ya sami Baba a goshi. Har yau ina jin ƙarar nan, kamar an fasa ƙwarya. Jini ya bi gemunsa, ya jiƙe farar rigarsa.

Bai share ba. Ya juyo ya dube mu.

"Jini kuke so? To ga shi, kun samu. Ku zubar da duwatsun nan."

Sannan ya ce wa makiyayin, "Mai da addarka, ɗana. Gobe ka kawo kara."

Washegari kuwa ya kawo. Suka yi ɗaurin tare, Baba da tsumma a kai.

Allah Ya sanyaya makwancinsa, Ya sa jinin nan ya zame masa shaida gobe kiyama.