Jirgin Baban Alhaji

Har yau da nake zaune a gida ina renon jikoki, ban manta da ranar da Alhaji Modu mai gwangwan ya shigo shagon kwamfutarmu na bakin kasuwar Azare ba. Ku da kuke wurin yanzu kun san ƙa'ida: a buga, a karanta wa mai aiki, ya amince, sannan a fitar a takarda.

Ranar wata Lahadi ce da hantsi. Tsohon ya warware wani hoto daga cikin ƙyalle: jirgin ruwan yaƙi na Ingila, siriri mai bututun hayaƙi uku, sunansa a rubuce a baya. Ya ce mahaifinsa ya yi watanni a cikinsa yana zuba gawayi a wuta lokacin yaƙin duniya na farko.

"'Yata, rubuta wa Turawa wasiƙa. Ki ce ɗan Bukar zai zo ya ga jirgin babansa kafin ya mutu. Har fasfo na yi."

Ina neman adireshi sai na ci karo da tarihin jirgin. Irin masu sintiri ne, masu raka jiragen kaya. Ya tsare gaɓar Afirka ta Yamma, ya koma gida gyara, ya sake fita. Bayan yaƙi aka sayar da shi, aka farfasa. Ko haihuwar Alhaji ba a yi ba a lokacin.

Na raɗa wa maigidanmu, Malam Sani. Ya ce, "Hadiza, bugu aka kawo miki ko bincike? Buga masa, kar ki karya wa tsoho zuciya."

Na ɗora hannu zan buga, na kasa. Yaya zan bar mutum ya shekara yana jiran amsar da ba za ta zo ba? Na yi bisimilla, na durƙusa.

"Baba, ka yi haƙuri. Jirgin nan babu shi. An yanka shi, an sayar da ƙarfen."

Ya ƙura wa hoton ido. Can ya ce, "Wa ya saya?"

"'Yan gwangwan na can, Baba."

Sai ya fashe da dariya har hularsa ta zame. "Allahu Akbar! Ashe 'yan'uwana ne suka cinye shi! Ni da nake yanka motocin iyayen mutane kullum ba ko sannu? Kai, amma wanda ya samu wannan ya more. Tukwane nawa ke nan!"

Ya goge ido da bakin riga, ya ce in bar wasiƙar, in fassara masa tarihin jirgin da Hausa, tasha bayan tasha. Da na karanta masa, duk inda jirgin ya tsaya sai ya ce, "Baba ya faɗi nan." Ya sa na ƙara layi ɗaya a ƙasa: Bukar ya zuba masa gawayi, Allah Ya jiƙansa.

Tun ranar na gane masu kawo mana takarda sun fi ƙarfin yadda muke zato. Kafin ku buga, ku duba. Abin da kuka gani, ku faɗa da ladabi.